Kan Sarkin da ke Kusurwar Dama

Shekara shida mahaifina ya yi ba ya gani sosai, kuma a cikin shekarun nan babu wanda ya taɓa faɗin haka a gabansa. Yanar ido ce ta rufe masa gani a hankali, ta fara da na hagu ta koma na dama. Mu 'ya'yansa mun sani, shi ma ya sani, unguwarmu a Malumfashi kaf ta sani, amma sai aka taru aka yi masa kara. In ka zo gaishe shi, tun daga bakin zaure za ka ɗaga murya don ya gane ka kafin ka iso. Inna, mahaifiyarmu, ta hana a gusar da ko buta daga inda ya san take. Ranar da ya faɗa kwata a hanyar masallaci ya goge gwiwa, maƙwabta cewa suka yi santsi ne, alhali an yi kwana goma ba a ga ɗigon ruwa ba.

Ni ce 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, kamar yadda iyaye da yawa a wajenmu ba sa kiran sunan ɗan fari. "Ke" nake, ko "waccan ta Funtua" tun da na yi aure na koma can. Na kusa shekara hamsin a lokacin, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, in na yi tsawa aji guda ya yi tsit, amma a gaban Baba durƙusawa nake yi in sunkuyar da kai mu gaisa a taƙaice. Ga shi kuma Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Inna ta ce wajen kakata ta wajen uba na gado ta, don kada a ce daga ɗakinta ta fito.

Mijin wata ƙawata likitan ido ne. Sun zo Malumfashi ta'aziyya wata rana suka biyo suka gaida Baba, da muka fito raka su sai ya ja ni gefe. Ya ce aikin yana ƙaramin aiki ne, ba ya kai awa guda, amma ta hagun ta nuna ƙwarai, in aka ci gaba da barinta tana iya lalata idon yadda ko an yi aikin ba zai dawo ba. Na gaya wa Inna. Ta ce to, wa zai tare shi da maganar? Muka tura Baffa, ƙanensa. Baffa ya shiga ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, ya fito da labarin tsadar taki.

Ba taurin kai kawai ba ne, tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Yayan Baba ya yi irin wannan ciwo shekaru da yawa da suka wuce. Wani mai magani da ke yawo kasuwa-kasuwa ya soka masa wani abu kamar allura a ido ya ture yanar. Ya yi mako guda yana gani yana ta murna, daga nan idon ya kumbura, ya mutu gaba ɗaya da azaba. Baba ne ya yi jinyarsa. Tun daga nan, duk wanda ya ce ƙarfe ya kusanci ido, a wajen Baba mutum ɗaya ne da wancan mai maganin, ko da ya sa farar riga.

Sai in koma baya kaɗan, don a san yadda kan sarki ya shigo maganar.

Baba ya fara aiki yana saurayi a matsayin masinja a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua. Aikinsa na safe shi ne ya hau keke ya je gidan waya ya ɗauko wasiƙu. Suna zuwa daga Ingila, daga Masar, daga Indiya, duk inda ake sayen auduga ko ake sayar da kayan inji. Manya su farke su karanta su jefa ambulan a kwandon shara, shi kuma ya bi ya tsince. A gida sai ya jiƙa kusurwar ambulan ɗin a ruwan ɗumi cikin tasa har kan sarkin ya saki, ya shanya a faifai a inuwa, ya danne da dutsen guga mai sanyi. Har ya zama akawu, har ya yi ritaya ya dawo Malumfashi ya rungumi noma, bai daina ba. Littafi huɗu ya cika, suna cikin akwatin ƙarfe da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari. A cikinsu na fara sanin akwai ƙasar da ake kira Silon da wadda ake kira Kanada, tun kafin in ga taswira. Ba ya yi mini magana kai tsaye, sai ya buɗe littafin ya yi wa ƙannena bayani da ƙarfi yadda zan ji daga inda nake tsaye.

Abu na biyu da ya ɗauko a kamfanin shi ne waƙa. Wani direban babbar mota mai kai auduga Ikko ne ya ba shi kaset na waƙar kantiri ta Amurka, wadda mu yara muke ce wa waƙar kaboyi. Mawaƙi ɗaya ne ya kama shi, wani mai murya mai kauri da sanyi, shi da jita, ba hayaniya. Turancin Baba na ofis ne, ba duka yake ji ba, amma ya ce wannan muryar wanda rana ta taɓa duka a gona ce. "Mutumina" yake ce masa. Abokansa suna tsokanarsa, wai Alhaji guda da gemu yana jin waƙar kaboyi, shi kuma ya ce mutumin ruwan sama yake yi wa waƙa, da shanu, da uwa, da kewar gida, su nuna masa aibin a ciki. Da an kira salla yake kashewa, in an dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Abin da mutane ba su sani ba, Baba bai taɓa ganin fuskar mutumin nan ba. Duk kaset ɗinsa na kwafi ne daga kasuwar Funtua, farar takarda an rubuta suna da biro, wani lokaci ma ba daidai ba. Da wayoyin hannu suka zo, yanar idon ta riga su zuwa. In an nuna masa hoton a waya sai ya kawar da kai ya ce hasken yana sa masa ciwon kai, kuma shi hoton da ba a iya riƙewa a hannu ba hoto ba ne.

Autanmu yana Amurka yana karatun noma. Wata Juma'a ya bugo waya ya ce gidan wayar can sun buga kan sarki da hoton mawaƙin, don tunawa da shi bayan rasuwarsa. Na daɗe ban ga Baba ya yi murna irin ta ranar ba. Ya ce ashe su ma sun san mutum. Auta ya ce zai ba wani mai tahowa gida ya kawo. Baba ya ce sam, kan sarkin da bai yi tafiya ba, bai sha hatimi ba, takarda ce kawai. A manna shi a ambulan a jefa a gidan waya ya zo da ƙafarsa. Auta ya yarda, ya kuma yi gargaɗi cewa irin na yanzu ruwa ba ya sakin su, sai dai a yanka da almakashi tare da takardar.

Baba yana da akwatin gidan waya a Funtua tun zamanin aikinsa, makullin yana hannuna. Duk Juma'a in na tashi daga makaranta sai in biya in buɗe in tarar da ƙura. Ma'aikacin wurin har ya saba da ni, yana ganina zai girgiza kai tun daga nesa. A mako na bakwai, lokacin masara ta fara goyo, na tarar da ita. Washegari Asabar na shiga mota zuwa Malumfashi.

Kan sarki uku ne a jere a jikin ambulan ɗin, duk girmansu ɗaya, domin guda ɗaya ba ya isa wasiƙa ta ƙetare teku. Mawaƙin yana daga hagu, da jitarsa. Na tsakiya wata fulawa ce. Na kusurwar dama kuwa talotalo ne, ƙato, ya buɗe wutsiya, daga cikin wasu da aka buga na dabbobin gida. Ɗalibin noma ne ya zaɓa, abin da ya burge shi ke nan. Na gani a mota har na yi murmushi, amma ko kaɗan bai zo mini a rai in gaya wa Baba wane ne a ina ba. Mu da muka saba yin kamar yana gani, har mun fara yarda da ƙaryarmu.

Ya karɓa da hannu biyu ya shige ɗaki. Da lalube ya yi yankan, yatsunsa sun san gefen kan sarki fiye da idon kowa. Shekara arba'in da wani abu yana kallon ambulan, ya san babba shi ake sawa a kusurwar dama ta sama, sarki ko sarauniya ko shugaba, sauran su biyo baya. Don haka na kusurwar dama ya yanka.

Bayan la'asar abokansa huɗu suka zo kamar kullum. Ana yayyafi, sai suka shiga zaure maimakon gindin bishiya. Inna ta dafa gyaɗa ta ce in kai musu. Duk sun san ni tun ina rarrafe, na durƙusa a bakin ƙofa ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Rikoda tana gefen Baba, mutuminsa yana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya ɗora kan sarkin a kan wani farin kwali yana miƙa musu.

Tsohon hedimasta ne ya fara karɓa. Ya gyara tabarau ya duba, ya ɗago ya dube ni, ya sake dubawa, ya ce masha Allah. Ya miƙa wa na kusa da shi, wani dillalin hatsi mai surutu, wanda ranar surutun ya ƙare masa, ya ce lalle akwai kwarjini. Na uku tari ya kama shi. Baba yana ta fara'a. Abin da yake iya gani wani dunƙulen duhu ne mai faɗi a tsakiyar haske, sai ya ce su dubi ƙirji, daga nan muryar take fitowa, shi dama ya san ba siririn mutum ba ne. Suka ce ƙwarai kuwa, Alhaji.

Da abin ya tsaya nan, da na tashi na koma cikin gida na cije. Amma sai Baba ya juyo wajen da ya ji muryata.

"Ke, karanta musu abin da aka rubuta a ƙasan hoton."

Aka miƙo mini kwalin. Hedimasta yana ta ƙifta mini ido. Na san sunan mawaƙin kamar sunana, da na faɗa shi ke nan, a yi dariya a ci gyaɗa. Har na buɗe baki da niyyar haka. Amma wani abu ya taso mini daga ciki. Ga mutumin da ya koya mini duniya a jikin 'yan takardu, yana zaune yana yabon ƙirjin tsuntsu, dattawa huɗu masu idanu suna gyaɗa kai, ni kuma an ce in sa hannu. Ga maganar likita tana yi mini yawo a ka. Raina ya ɓaci ƙwarai, da su, da Inna, da kaina.

"Baba, wannan talotalo ne."

"Mi kika ce?"

"Talotalo ne, Baba. Mutumin naka yana can jikin ambulan. Ba ka gani. Ka daɗe ba ka gani, kuma duk wanda ke zauren nan ya sani."

Waƙar tana ta tafiya ita kaɗai. Baba ya miƙa hannu ya kashe rikodar, ya miƙo ɗaya hannun na mayar masa da kwalin. Ya sa a aljihu, ya ce wa abokansa yana jin hadarin nan zai dawo, gara kowa ya isa gida. Suka zame ɗaya-ɗaya, ko gyaɗar ba a taɓa ba.

Inna ta ji komai daga bayan katanga. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce kin kyauta, a gaban mutane kuma, ta ci gaba da tankaɗenta. Da yamma Baffa ya zo ya wanke ni tas, ya ce bokon da na yi bai koya mini inda ake ajiye magana ba. Auta ya bugo yana cewa laifinsa ne, shi da talotalonsa. Da safe na durƙusa na gaida Baba, ya ce lafiya, bai ƙara ba. Na koma Funtua da zuciya kamar an ɗora mini buhu.

Mako uku ana haka. Duk Asabar in je, in gaishe shi, ya ce lafiya. Rikoda ta yi shiru a gidan, majalisar ma ta watse, dattawan kunya ta hana su zuwa. Na yi kuka ba sau ɗaya ba. Na san abin da na faɗa gaskiya ne, na kuma san na tozarta mahaifina a gaban sa'o'insa, kuma wannan bai goge wancan ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kada in zama na rufe ƙofar gaba ɗaya, ya kafe don haushi har idon ya tafi. Amma kuma, ba zan ɓoye ba, har yau ina jin da a ɗaki na faɗa masa a hankali, da cewa zai yi Allah ya yi miki albarka, tashi ki je.

Daga baya Inna ta ba ni labarin abin da yake yi a makonnin nan. Ashe talotalon yana aljihunsa kullum. Duk wanda ya shigo gaishe shi shi kaɗai, sai ya zaro ya ce duba mini wannan. Labari kuwa ya riga ya zaga unguwa, kowa ya san tarkon. Baffa ya ce bai zo da tabarau ba. Telan maƙwabta ya ce ɗakin ba haske. Wani ya ce shi hotunan Turawa duk iri ɗaya yake ganinsu. Inna da kanta da ya tambaye ta, cewa ta yi ita ina ta san waɗannan abubuwa, tuwonta zai kama. Babu wanda ya ce mutum ne, babu wanda ya ce tsuntsu ne. Baba sai ya karɓa ya mayar aljihu.

Akwai wani tsoho daga wani ƙauye gaba da Ƙarfi, Bamaguje, yana kan addinin kakanninsa. Gonarsa da ta Baba iyaka ɗaya ce, sun fi shekara ashirin suna maƙwabtaka, ba su taɓa yin rigima a kan kunyar gona guda ba. Duk shekara in sabuwar masara ta fito sai ya ɗauro a babur ɗin ɗansa ya kawo wa Baba ta gasawa. Ya girmi Baba, kuma bai san komai game da abin da ya faru ba. Ya zo suka gaisa a zaure, suka taɓa maganar damina, sai Baba ya zaro kwalin. Inna tana bayan katanga, wurin da ta saba.

Tsohon ya karɓa ya kalla, ya kwashe da dariya.

"Wanga ai talotalo ne, Alhaji. Amma ya ci ya ƙoshi. Ina ake samun irinsa?"

Inna ta ce Baba bai bi ta kan maganar talotalo ba. Tambayarsa ya yi yadda aka yi shi da ya girme shi yake ganin ɗan abu kamar wannan. Tsohon ya ce ai bara waccan 'yarsa ta kai shi asibiti aka wanke masa ido biyu, da har ya fara taka shukarsa da ƙafa. Ya ce shi ma ya ji tsoro, har ya yi sallama da mutanen gidansa, amma kafin a ce tuwo ya nuna an gama, ko zafin cizon kunama bai kai ba. Baba ya kawo masa labarin yayansa. Tsohon ya ce ya san masu allurar nan, sun makantar da mutum biyu a ƙauyensu, wannan aikin daban ne, cire yanar suke yi su sa wani ɗan gilashi a madadinta. Sannan ya ƙara da abin da Inna ta ce ya sa jikinta ya yi sanyi.

"Ni na ga naka tun shekara uku, Alhaji, ranar da ka tsaya kana yabon masarar da ciyawar wuta-wuta ta cinye. Na ce ku mutanen gari kuna da masu ilmi a gida, za su faɗa maka."

Ranar da yamma Baba ya ce wa Inna ta gaya wa waccan ta Funtua ta yi magana da likitan nata.

A Kano aka yi aikin, idon hagu aka fara. Kafin mu fito gida Baba ya nemi gafarar Inna, ya nemi ta Baffa, ya faɗi inda takardun gona suke. A mota carbi kawai yake ja tun daga Malumfashi har muka shiga gari. Da aka kira sunansa a bakin ɗakin aikin, ya laluba ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam. Rabon da ya taɓa ni tun ina 'yar ƙarama. Na ce masa ina nan, Baba, ba inda zan je. Ya saki ya bi ma'aikaciyar.

Washegari da safe aka cire bandejin. Ya yi ta ƙifta ido, ruwa yana zuba. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansa ya duba. Ya dubi taga. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro ambulan ɗin, wanda ban ma san ya taho da shi ba, da gurbin yanka a kusurwarsa. Likita ya ce na kusa ba zai fito sosai ba sai an yi masa tabarau, don haka ya miƙe hannu ya riƙe shi daga nesa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka kake," ya ce, a hankali.

Tsoho ne siriri a hoton, fuska duk tamoji, riga ba ado. Baba ya ce in ka cire jitar ka sa masa malfa, sai ka rantse a kasuwar shanu ta Musawa ka taɓa ganinsa. Daga nan ya zaro kwalin ya miƙe hannu da shi ma. Ya kalli talotalon sama da ƙasa. Kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har likita ya ce ya yi a hankali saboda idon. Ya ce wai hedimasta guda, da tabarau, ya dubi wannan ya ce masha Allah. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ce ya yafe ba. Mun dai yi dariya tare, abin da ban tuna mun taɓa yi ba.

Muka biyo ta Gwarzo da Dayi. An ba shi baƙin tabarau, amma bai hana shi manne fuska a taga ba. Kaka ta fara shigowa, dawa ta fid da kai. Duk gonar da muka wuce sai ya yi mata shari'a. Wannan bai yi maimai ba, wancan ya cika shuka, ga wani malalaci ya bar ciyawa ta fi auduga tsawo. Direba yana ta dariya. Ni kuwa daɗi ne ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Muna shiga gida ya wuce zaure ba tare da ya dafa bango ba. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu a zani, ta tsaya a tsakar gida. Baba ya tsaya shi ma. Ya cire tabarau ɗin, abin da aka hana shi yi a rana, ya dube ta.

Da ya tsaya yana kallonta sai ni ma na kalle ta, kuma kunya ta kama ni, don ni da idona biyu lafiya ban lura ba. Ta rame. Wuyanta ya fito, zanin ya yi mata yawa. Shekara shida ita ce take cire masa ƙaya a kifi ta ce dama ba shi da ƙaya, ita ke bin bayansa daga nesa har ƙofar masallaci ta dawo kafin ya ji, ita ke ware masa maganin safe da na yamma, duk tana yi kamar ba ta yin komai.

"Hajiya," ya ce, "ashe haka kika koma?"

Ta ce sannu da hanya, Alhaji. Ta juya da sauri wai za ta kawo ruwa, tana jan gefen mayafi zuwa fuskarta.

Baba ya bi ta da kallo har ta shige. Bai juyo wajena ba, bango yake fuskanta kamar yadda ya saba in zai yi mini magana.

"Ke, ɗaya idon yaushe suka ce?"

"Bayan wata biyu, Baba."

"Ki roƙe su su matso da shi."